Alhakin Mai Magani a Ƙasar Bodinga da Shagari

Duk lokacin da annoba ta faɗa wa ƙauyukan da ke kudu da Sakkwato, bayanin da aka saba ji daga bakin hukuma guda ne: mutane ba su waye ba, sun fi yarda da boka da malamin tsibbu, ba su kai mara lafiya asibiti sai ciwo ya ci ƙarfinsa. An faɗi haka a 2017 da sanƙarau ya shiga ƙaramar hukumar Bodinga ya yi ɓarna a yankin Danchadi, an kuma faɗi irinsa shekaru kafin nan a kan rigakafin shan-inna. Akwai gaskiya a maganar, sai dai guntuwa ce, kuma tana da wani daɗi ga mai faɗinta da ya kamata ya sa mu yi hattara: tana sauke nauyi daga kan mai ba da magani, ta ɗora shi kacokan a kan mai karɓa. Tarihin wannan yanki, tun daga zaman Shehu Usmanu a Sifawa har zuwa mulkin Shugaba Shehu Shagari da abin da ya biyo baya, yana nuna wani abu dabam. Da wuya mutanen nan su ƙi maganin da suka ga aikinsa da idonsu. Abin da suka daɗe suna nema, wanda kuma sabon tsari ya fi gazawa a kansa, shi ne mai maganin da aka san shi, aka san inda yake kwana, aka san wanda zai tuhume shi in ya yi ɓarna.

Bodinga ba ƙaramin wuri ba ne a tarihin ilimi. Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa, ya zauna yana karantarwa da rubutu har ya shiga Sakkwato a 1815, ƙaninsa Malam Abdullahi kuma ya yi mazauni a Bodinga, tafiya kaɗan daga wurinsa. Waɗannan malamai ba su ɗauki lafiyar jiki abin da ke wajen addini ba. Tun kafin jihadi, a cikin Ihya'us Sunna, Shehu ya keɓe babi ga jinya da tofi, ya rarrabe abin da ya halatta da abin da ya kira bidi'a, kamar yin magani da najasa ko tofi da kalmomin da ba a san ma'anarsu ba. Malam Abdullahi ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafi ɗaya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zarce su duka a wannan fage: ya yi rubutu a kan ciwon ido, ya yi a kan basir, ya yi a kan amfanin filasko, ban da littattafansa irin su Ujalatur Rakib da Mawaridun Nabawiyya. Nana Asma'u ta rubuta Tabshirul Ikhwan a 1839 a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, a zamanin da bori yake kusa da matan karkara, kuma ta san ba a raba mace da abin da take dogara da shi ranar naƙuda sai an ba ta madadinsa.

Amma abin da ya fi muhimmanci ga maganarmu yana cikin littattafan da alƙalai ke hukunci da su. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo mas'alar wanda ya yi wa yaro kaciya ya zarce iyaka ya yanke abin da bai kamata ba: diyya ta wajaba, ana ɗaukar ta kuskure ne da dangin mai askar za su taya shi biya. Muhtasar na Halilu, wanda alƙalan ƙasar Sakkwato suka tashi a kansa, ya ambaci hanyoyi 3 da mai magani ke ɗaukar nauyin abin da ya ɓata: in ya shiga aikin da bai sani ba, in ya sani amma ya yi sakaci, ko in ya taɓa jikin mutum ba da izinin da shari'a ta yarda da shi ba. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ma ya ɗora ramuwa a kan duk wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba. Wato sani, da kula, da izini. Ƙa'idojin aikin likita da ake koya wa ɗalibai yau a Sakkwato sun fi wannan faɗi, sun ƙara batun sirrin majinyaci da adalcin rabon kulawa, amma ba su rushe ko ɗaya daga cikin ukun ba. A kuma dubi hikimar ɗora diyya a kan dangi. Idan kuskuren ɗa zai ci dukiyar baffanninsa, babu gidan da zai yi gaggawar miƙa wa yaron da hannunsa bai faɗa ba aska. Shari'a ta mayar da gidan mai sana'a wurin tantance gwani tun kafin a san wata hukumar rajista.

Masu aikin yau da kullum kuwa ba malaman zaure ba ne. Wanzami ne da zabirarsa, mai aski da kaciya da ƙaho da tsaga da cire hakin wuya; maɗori ne mai ɗaurin karaya; ungozoma ce mai yanke cibi da kula da mai jego; sai mai saiwa da sassaƙe, da malamin da ke rubutun sha. Galibinsu gadon sana'ar suka yi. Wanzamai suna da sarkinsu, gidaje da yawa kuma suna da wanzaminsu na gado, wanda ya yi wa uba kaciya shi ko ɗansa zai yi wa ɗa. Malami yakan karɓi ɗan kafin alƙalami, babbar sallama sai an ga sauƙi, don haka ladansa a ɗaure yake da sakamakon aikinsa. Fiye da duka, mai magani ba ya zuwa ko'ina. Maɗorin da ƙafa ta karkace a hannunsa zai riƙa gamuwa da gurgun a kasuwa da masallaci da wurin jana'iza har iyakar ransa, jikokinsa kuma su gaji labarin.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙawata jiya ne, yana kuwa da hujja mai ƙarfi. Askar da ba a dafa ba ta kashe jarirai da ciwon sarƙe-haƙora. Cire hakin wuya ya jawo zubar jini. Yankan gishiri yana cikin abubuwan da suka jefa mata cikin yoyon fitsari. Agana da sanƙarau sun riƙa shiga gari su fita yadda suka ga dama, babu wanzami ko malamin da ya iya tare su. Littattafan Bello da Larabci suke, malamai ƙalilan ke karanta su, kuma samun hukunci a littafi bai nuna kowane talaka ya iya kai ƙara ba. Duk wannan haka yake, ba kuwa ina cewa maganin da ya fi na yanzu ba ne, ko kusa. Abin da nake cewa a rarrabe abubuwa biyu da aka saba cakuɗawa, ƙarfin magani da alhakin mai magani. Tsohon tsari mai rauni ne a na farko, mai ƙarfi a na biyu, kuma ƙarfin nasa ma yana da iyaka sananniya: yana kama kuskuren da ido ke gani, yankan da ya zarce ko ƙashin da ya karkace, amma ba ya kama wanda ke ɓoye, jaririn da ya sandare kwana 7 bayan yanke cibi, wanda za a ce iska ce ta taɓa shi. Ilimin ƙwayoyin cuta ne ya tona irin wannan kuskure. Da an ɗora sabon ilimin a kan tsohon alhakin, da labarin ya bambanta. Abin da ya faru shi ne ilimin ya zo da wasu mutane dabam, masu amsa tambaya ga wasu shugabanni dabam, a wani gari mai nisa.

Zargin cewa shugabannin ƙasar nan sun ƙyamaci ilimin baƙo ma bai tsaya ba. A 1824, da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato bayan abokin tafiyarsa Dakta Oudney ya rasu kusa da Katagum, cikin abubuwan da Sarkin Musulmi Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likitan da zai zo ya zauna a ƙasarsa. An taso da Dakta Dickson a tafiya ta biyu, bai iso ba, ya ɓace bayan ya baro gaɓar teku, Clapperton kansa kuma ya rasu a ƙasar Sakkwato a 1827. A lura da abin da Bello ya roƙa: likita mazauni. Wanda ya zo daga baya, a 1903, tare da sojojin da suka ci garin ya zo, aikinsa na farko kuma lafiyar Turawa da dakarunsu. Rundunar likitocin Afirka ta Yamma da Birtaniya ta kafa a 1902 ta haramta ɗaukar wanda ba Bature ba, kuma sai a 1940 likita na farko ɗan Arewa, Dakta Barau Dikko, ya fara aiki. Lokacin da aka haifi Shehu Shagari a 1925, asibiti abin birni ne. Ɗakunan shan magani na En'e sai daga wajen 1930 suka fara bazuwa a gundumomi. Su ne, a ganina, abin da mulkin mallaka ya yi mafi kusa da tsohon tsari, domin malamin asibiti ɗan ƙasa ne, ma'aikacin En'e ne, yana zaune a garin hakimi, in ya yi wasa da aiki an san ƙofar da za a kai kukansa. Zangon kutare na Amanawa ya nuna ɗaya fuskar. A ƙarshen shekarun 1930 aka miƙa shi ga mishan ta SIM bisa yarjejeniya da En'e, masu kuturta suka je suka sami kulawar da ba su da ita a gida, amma kowa ya san masu ba da maganin suna da wata manufa bayan waraka. Tambayar me ke bayan wannan alheri ta girmi rigimar shan-inna da shekaru masu yawa.

Duk da haka mutane sun karɓi abin da ya yi aiki, da hannu bibbiyu kuwa. Da ƙwayar dafson ta zo a shekarun 1950 aka fara raba ta mako-mako a ƙananan wuraren shan magani a faɗin Arewa, masu kuturta suka fito daga ɓoye da kansu. Yaƙin kawar da agana ya fara a Afirka ta Yamma a 1967, zuwa 1970 an ga na ƙarshe a Nijeriya, tabon lamba kuma yana nan a damtsen dattawa har yau. Kurkunu, wanda ya kama mutum sama da 650,000 a ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1980, ya ƙare ne da tace ruwa da sa idon 'yan sa-kai na ƙauye, aka ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. Allura ma ta samu karɓuwar da ta wuce kima, har mara lafiya kan ji ba a yi masa komai ba in ba a soka masa ita ba. Jama'ar da ta yi duk wannan ba za a kira ta mai ƙin maganin zamani ba.

Zamanin da Shehu Shagari ya hau mulki, 1 ga Oktoba 1979, zamanin babban buri ne. Shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya tsara kai ƙananan asibitoci karkara, taron Alma-Ata na 1978 ya yi alkawarin lafiya ga kowa kafin shekarar 2000, a 1980 kuma aka kafa asibitin koyarwa na jami'ar Sakkwato. Sai farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Ranar 31 ga Disamba 1983, cikin dalilan da Birgediya Sani Abacha ya karanta a rediyo na kifar da gwamnati har da cewa asibitoci sun koma wuraren ganin likita kawai, ba magani, ba ruwa, ba kayan aiki. Mai juyin mulki ba shaida adali ba ne a kan wanda ya kifar, waɗanda suka karɓi kujerar ma ba su gyara ba, tsarin tattalin arzikin 1986 kuma ya ƙara tsananta lamarin. Amma siffar da ya ba asibitin ta zauna. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya yi ƙoƙari na gaske wajen mayar da hankali ga matakin farko, manufar lafiya ta 1988 kuma ta ɗora wannan mataki a kan ƙananan hukumomi. A takarda wannan kusantar da alhaki ne ga jama'a. A aikace an ɗora kaya mafi nauyi a kan matakin gwamnati mafi ƙarancin kuɗi da ma'aikata. Ƙidayar 2006 ta ba Bodinga mutum sama da 170,000, Shagari sama da 150,000, mafi yawansu a ƙauyuka, kuma abin da ƙauyukan karkarar Arewa suka saba gani shi ne gini mai allo, ma'aikacin da ke zuwa daga birni da hantsi ya koma kafin la'asar, da takardar magani a je a saya. Naƙuda kuwa da suman yaro ba su san lokacin tashi daga aiki ba.

Wanda ya cike gurbin shi ne mai kyamis, kuma shi ne magajin wanzami na gaskiya ta fuskar kusanci. Ɗan gari ne, yana buɗewa da dare, yana ba da bashi, yana sayar da ƙwaya biyu ga wanda kuɗinsa bai kai na goma ba. Izinin da doka ta ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne kawai, amma sau da yawa shi ke yin allura, shi ke ƙarin ruwa, shi ke yanke hukuncin ko zazzaɓin nan na sauro ne ko na taifot. Ya sami kusancin wanzami bai gaji tarbiyyar gidan wanzamai ba, ya riƙe maganin likita bai yi karatun likita ba. Kuskurensa kuma irin na ɓoye ne: rabin magani da ke koya wa cuta jurewa, ko kwana 2 da aka ɓata a kan yaron da wuyansa ya fara sanƙarewa. Rufe shagonsa ba tare da madadi ba zalunci ne ga majinyaci. Barinsa yadda yake kuma watsi ne da sharaɗin farko da Halilu ya kafa.

Sharaɗi na uku, izini, a Kano aka ga yadda karya shi ke yin ɓarna mai nisa. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya ta kashe sama da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200. Yara 11 sun rasu, 5 cikin waɗanda aka ba sabon maganin, 6 cikin waɗanda aka ba wanda aka kwatanta shi da shi. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya kuma sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Da wasu jihohi, Kano a gaba, suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, jita-jitar hana haihuwa ƙarya ce, ta kuma gurgunta yara a nan gida da ƙasashen waje. Amma tambayar da magidanta suka riƙa yi a ƙofar gida ba ta jahilci ba ce: me ya sa ake bin mu gida-gida da wannan ɗigon kyauta, alhali ƙyanda da zazzaɓi na kashe mana yara, in mun je asibiti a ce mu saya? Abin da ya warware rikicin yana goyon bayan hujjarmu. An haɗa ɗigon da wasu abubuwan da jama'a ke buƙata, aka ɗauki matan unguwa aikin, a 2009 kuma sarakunan Arewa ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka kafa kwamiti suka ɗauki nauyin, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa.  An sami wanda aka sani ya tsaya wa ɗigon, a watan Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

Akwai ƙalubale mafi nauyi da dole a fuskanta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 5 cikin 100 kacal na yaran jihar Sakkwato suka kammala rigakafin farko, mafi ƙanƙanta a Nijeriya, kuma ƙasa da mace 1 cikin 10 ke haihuwa a asibiti. Wani zai ce wannan talauci ne da ƙarancin karatun mata da ikon miji, ba batun amana ba. Waɗannan dalilai gaskiya ne, kuma amana ba ta sayen motar ɗaukar mai naƙuda. Sai dai a dubi abin da ya faru a cikin wannan talaucin dai. A 2013 jihar Sakkwato ta fara raba maganin shafa wa cibi da ƙwayar hana zubar jini bayan haihuwa ta hannun mutanen da unguwanni suka zaɓa, har cikin ɗakin mai jego, aka kuwa karɓa. Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake ba yara gida-gida tun 2015 ya sami shiga haka nan. Iyayen da ba su kai yaro asibiti ba su ne suka buɗe ƙofa ga 'yar unguwarsu. Kuɗi ne ke sa a sami magani, amma ba kuɗi kaɗai ke sa a sha shi ba.

Saura batun tuhuma, inda gibin ya fi faɗi. Hukumar kula da aikin likitoci ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1963, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa, amma ƙorafi yana tafiya ne a rubuce, da rantsuwa, zuwa Abuja, kuma likitoci kaɗai ya shafa, alhali mafi yawan masu duba marasa lafiya a Kajiji ko Dandin Mahe ko Dingyadi ba likitoci ba ne. Ana cewa mutanenmu ba su kai ƙara saboda sun yarda da ƙaddara, in mace ta rasu wajen haihuwa sai a ce kwana ya ƙare. Malaman da suka zauna Sifawa da Bodinga sun fi kowa imani da ƙaddara, da littattafan alƙalansu kuma ake hukunta mai sakaci ya biya diyya, ba su ga saɓani tsakanin biyun ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ba kowane majinyaci haƙƙin kai ƙorafi a bincika masa, kwamitocin raya mazaɓu kuma suna nan a tsarin kiwon lafiya na matakin farko, sai dai an fi tunawa da su ranar da ake son tara mata don rigakafi. Babu abin da ya hana a liƙa sunan mai kula da kowane ƙaramin asibiti da ranakun aikinsa da magungunan da aka kawo masa a bakin ƙofa, da boko da ajami, a ba ma'aikaci ɗakin kwana a garin da yake aiki, a horar da mai kyamis a ɗaura shi da asibitin da zai riƙa tura masu tsananin ciwo, kwamitin mazaɓa kuma ya zauna da dagaci da liman da jami'in lafiya a kan kowace mace da ta rasu wajen haihuwa, a rubuta inda aka yi jinkiri da wanda ya yi shi, a aika wa ƙaramar hukuma da sa hannun kowa.